Sayen doki ba shi ne wahala ba: kwamfuta a makarantunmu da na Ingila

Duk wanda ya san makarantun gwamnati a Arewa ya san ɗakin nan. An yi masa fenti, an sa ƙofar ƙarfe, an jera kwamfutoci arba'in a kan tebura, kowace da ledarta, kwamishina ya zo ya yanke kyalle an tafa. Ka koma bayan shekara biyu, mabuɗin yana aljihun firinsifal, ƙura ta yi kauri a kan ledojin, yara kuma suna zana linzamin kwamfuta a littafi suna rubuta sunansa a ƙasa.

A nan Ingila, abin da ya raba makarantunsu da namu ba tsadar na'ura ba ne. Da yawa tsofaffin kwamfutoci suke amfani da su. Bambancin shi ne an san wanda zai ciyar da dokin bayan an saye shi.

Mu fara da wuta, tunda a nan gizo ke saƙa. Kwamfutar tebur da allonta tana cin kusan wat 120. Guda arba'in sun kama kilowat 4.8 ke nan, in suka yi awa shida a kunne sun cinye kusan yunit 29 a rana, ba a sa fanka ba, balle na'urar sanyaya ɗaki. Laftof kuwa wat 40 ya ishe ta, arba'in ɗinta ba za su wuce yunit 10 a rana ba, ga shi tana da batir ɗinta, in an ɗauke wuta aikin yaro bai tafi ba. Amma ɗan kwangila ya fi son ta tebur, don ta fi cika ido a hoto.

Sai a ce ai ga sola. Farantin sola mai wat 400, a irin ranar Kano ko Sakkwato, yakan ba da kusan yunit 1.6 a wuni bayan an cire asarar waya da inbata. Ɗakin laftof zai buƙaci faranti bakwai, na kwamfutar tebur sha takwas. Farantan ma ba su cika ba da matsala ba, in dai ana wanke su kowane mako lokacin hunturu, da sassafe kafin su yi zafi. Batir ne ke kashe aikin. Batir mai ruwa na 200Ah mai volt 12 a takarda yana riƙe yunit 2.4, amma rabi kawai ya kamata a ja, in ana tatse shi har ƙasa kullum ba zai ga shekara ta biyu ba. Zafi ma yana cin sa: an ƙera shi ne don yanayin digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri goma yana rage rabin kwanansa. Mu kuwa a ɗakin da ke da rufin kwano ake ajiye shi, a watan Afrilu, babu ko taga. Ga ruwan batir da ya kamata a duba kowane wata, ba a ɗora wa kowa ba. Ranar da ya mutu, kuɗin canza shi ba ya cikin kasafin kowa. Janareto kuma, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita biyu a awa ta fi ƙarfin makarantar da ko alli sai an yi karo-karo.

Ƙura ita ce ta biyu. Tana toshe fankar cikin kwamfuta, na'urar ta yi zafi ta riƙa kashe kanta, sai a ce ta lalace a tura ta gefe, alhali abin hura iska da minti goma sun isa. Haka wutar NEPA mai hawa da sauka take ƙona tukunyar wutar kwamfuta in babu sitabilaiza. Ƙananan gyare-gyare ne, amma wa zai yi?

A Ingila kusan kowace sakandare tana da ma'aikacin da aikinsa ke nan, firamare kuma sukan haɗu su ɗauki kamfani ɗaya ya riƙa zagayawa. Malami ya ga matsala ya aika saƙo, kafin darasi na gaba an duba. Tushen wannan tsarin kuɗi ne: tun dokar ilimi ta 1988 aka miƙa wa makarantu ikon sarrafa mafi yawan kasafinsu, shugaban makaranta da hukumarsa su ke yanke nawa za a ware wa gyara, da kuma canza na'urori duk bayan shekara huɗu ko biyar. A wurinmu, caja ta ƙone, sai an rubuta takarda zuwa ma'aikata. Firinsifal ɗin da ya kulle ɗaki ban ga laifinsa sosai ba. In abu ya ɓata shi za a tuhuma, in ya bar shi a leda babu mai ce masa uffan.

Kada a ɗauka Turawa ba sa ɓarnar kuɗi a wannan fanni. A farkon shekarun 2000 an cika azuzuwan Ingila da allunan lantarki masu tsada, malamai da dama suka mayar da su majigi kawai. A Los Angeles ta Amurka, shirin raba iPad na sama da dala biliyan ɗaya da aka fara a 2013 rushewa ya yi. Peru ta raba wa yaran karkara dubban ɗaruruwan laftof, binciken Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka na 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatu ba. Urugwai kuwa, da ta fara shirinta na raba wa yara laftof mai suna Ceibal a 2007, hukuma ta kafa mai kula da gyara da intanet da horar da malamai, shi ya sa nata ya ɗore.

Batun malamai ba sai an ja shi ba. Bita ta kwana uku a otal, da jaka da alawus, ba ta koya wa kowa aiki da kwamfuta. Malami sai yana da tasa a hannu, yana shirya darasi da ita, yana haɗa sakamakon jarrabawa da ita, kafin ya iya tsayawa gaban yara sittin.

Intanet ma ana tsoronsa fiye da kima. Bidiyo ne ke shan data, kuma ba dole kowane yaro ya sauke nasa ba. 'Yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ba ta kai wat goma ba, ana iya zuba mata darussa ta manhajar Kolibri da Wikipedia ta manhajar Kiwix da ake karantawa ba intanet, har da ta Hausa, ta riƙa rarraba wa duk ɗakin ba tare da sabis ba. Sai dai a tuna a saita allon madannai mai ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba yaro zai girma yana rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya.

Abin da ya sa maganar ta wuce ado shi ne jarrabawa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara da masu rubutawa daga waje a 2024. Yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzami ba zai zauna kusa da wanda ya tashi da shi, agogo ɗaya ke gudu a gabansu.

Da ni ake tambaya, kuɗin kwamfuta arba'in sai in sayi laftof ashirin. Ragowar a sayi batir na lithium, a ajiye caja biyar da allon madannai biyar a kabad, a biya wani matashi daga masu gyara na garin ya riƙa leƙowa duk Alhamis, a kuma rubuta a takarda cewa abin da ya lalace a hannun ɗalibi yana cikin darasi ba za a cire a albashin kowa ba.