Gonar da jaki ke riƙe wa iyaka

A Maraɗi yanzu, in ka kuskura ka ce kana neman fili a majalisar shayi, kafin a zuba na biyu mutum uku sun zama dillalai. Mai gyaran babur yana da parsel a hannu, mai wankin hula yana da biyu, kowanne kuma "kusa da gudiro" yake, wato hanyar kwalta, ko da gudiron sai an yi tafiyar rabin yini. Kuɗin fili a cikin gari ya daɗe da fin ƙarfin albashin malamin makaranta irina. Tun da aka buɗe Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo gari ke ta miƙe ƙafa, gonakin da muka sani da hatsi sun koma bulo da siminti. Shi ya sa shawarar wani abokina ta shige ni: in fita ƙauye in sayi gona, in riƙa noma aya da gyaɗa, in zauna jiran ranar da lotisma, wato yanka gonaki su zama filayen gini, za ta iske ni.

Ɗan kabu-kabun unguwarmu ya kai ni wani ƙaramin gari a hanyar Ɗan Isa, ran kasuwarsu, da rani tsakiya. Dillalin ya tarbe ni da "Mushe, sannu da rana" (Mushe, haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu), ya karɓe mini jaka kamar mun yi shekara da sani. Na fara tambayarsa ko ruwa na kwanciya a wurin, don duk ɗan Maraɗi ya san Gulbi ne ya cinye tsohon gari a 1945 har aka hauro tudu. Ya yi dariya ya ce jigawa ce zalla, da fadama ce ai alhazan birni ba za su bar mini ita ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Muka tsaya tsakiyar karan bara, na ce ina iyaka.

"Daga gawon can, ka biyo gambar nan, har inda jakin can yake tsaye."

Na dubi jakin, jakin bai dube ni ba. Muna ciniki yana kiwo, yana matsawa gabas a hankali, gonata tana ƙaruwa. Na ja bakina na yi shiru, dillali ma ya yi shiru, sai dai na lura kuɗin na hawa tare da jakin. Mun daidaita a jika 600, wato sefa dubu 600, ke nan wani yaro ya ɓullo da tsumagiya ya koro dabbarsa wajenmu, rabin gonar ya tafi a gaban idona. Dillali ko gezau. Ya ce, "Mushe, kar ka damu, can yake wuni kullum."

Na ce a kai ni wurin mai gari. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin ƙasa da muke kira kofo, na ƙauye mai gari ne shugabansa, can ake rubuta takardar saye a gaban shaidu da maƙwabtan gona. Na ajiye goro, na ce ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da ni. Aka kira mai gonar, wani dattijo mai fara'a. Mai gari ya yi masa tambaya biyu kacal.

"Gado ce ko saye?"

"Gado ce, ranka ya daɗe."

"An raba?"

Dattijo ya shiga gyaran hula. Ban san wa ya kai labari kasuwa ba, amma kafin la'asar zauren ya cika. Ƙannensa biyu suka zo da ƙurar kasuwa a ƙafa. Na uku yana wurin haƙar zinariya a arewa, aka kira shi ta WhatsApp aka jingina wayar da buta, shi ma ya zauna shari'a yana ta ihu muryarsa na yankewa. Sai ga wani mutum da ba ɗan gidan ba, ya ce shekara shida gonar tana hannunsa jingina, jika 150 ya bayar lokacin auren ɗan dattijon, kuma bana har Fulani ya sauke da shanunsu don taki, ba mai taka ta sai an mayar masa da kuɗinsa. Yana rufe baki uwarsu tsohuwa ta aiko cewa gamanarta tana kusurwar yamma, wurin da take shuka kuɓewa da yakuwa, a gaya wa baƙon.

Wadda ta gama da ni ita ce babbar ƴar gidan, kowa na ce mata Gwaggo. Ta tsaya bakin zaure da ƙwaryar furar da take saidawa, ta ce ita ta ji malamai na cewa rabon mace rabin na namiji ne, ba ta taɓa jin inda aka ce iska ce rabonta ba.

Aka kira liman. Liman ya ce a raba yau a huta, wa ke da alƙalami? Duk zauren ya juyo ya dube ni. Haka na buɗe littafin da na zo rubuta gonata a ciki na shiga lissafin gadon mutane: tumuni na tsohuwa, saura kashi 11, maza huɗu bibbiyu, mata uku ɗaiɗai. Muka ɗunguma gona da igiya, ni ne gaba, ni ne riƙon ƙarshen igiya, ƙarangiya ta cika mini wando. Maƙwabta suka nuna iyakar gaskiya, wadda ba ta kai ko inuwar jakin ba. Rabon dattijon da zai sayar mini ya fito siriri, faɗinsa taki 14.

Na ce to, ko wannan ɗin ne a yi mini kuɗi. Gwaggo ta ajiye ƙwarya.

"Ku tsaya. Mi zai sa Mushe ya baro Maraɗi da rana tsaka ya zo neman wanga tudun rairayi? Waɗanga mutane suna jin magana tun ba ta fito ba. Lotisma ce tahe."

Na rantse ban ji komai ba, rantsuwar ta ƙara tabbatar musu. Na cikin waya ya ce kar wanda ya sayar sai ya dawo. Dattijo ya ce shi ba zai ƙi ni ba, tun da na wahala, in kawo miliyan ɗaya da rabi. Mai jingina ya ce shi ma kuɗinsa sun tashi. Mai gari ya yi mini godiya ƙwarai, ya ce shekara tara rigimar gadon nan tana hana shi barci, liman ya ja doguwar addu'a a kan Allah ya ƙaro irina. Furar da aka sha wurin awo ni Gwaggo ta biyo da lissafinta, dillali kuma ya raka ni bakin hanya yana tuna mini kuɗin takalmi, wai la'ada ce ta faɗi, tafiya ba ta faɗi ba.

Ɗan kabu-kabu bai ji ƙarshen zancen ba, ya dai gan ni da igiya ina awo. Washegari da safe mai gidan da nake haya ya yi sallama, fuska cike da murna.

"Mushe, ashe abin arziki ya samu, ka sayi gona ba ka faɗa ba! Allah ya sa albarka. Daga watan gobe haya jika 25 ce."