Gidan Tarihin Onikan Ba Na Yarbawa Kaɗai Ba Ne

Da yawa cikin 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba sun ɗauka gidan tarihin Onikan da ke Legas ɗakin gumakan Yarbawa ne, babu abin da ya shafi Bahaushe. Sam ba haka ba ne. Na ƙasa ne baki ɗaya, tun 1957 aka buɗe shi. Akwai sassaƙe-sassaƙe kam, amma ba mai bauta musu, don tarihi aka ajiye su. Har da kan mutum-mutumin yumɓu na Nok, daga kudancin Kaduna.

Motar Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano fa, tana can: baƙar Marsandin da aka harbe shi a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976. Ramukan harsasai na nan a jikinta, ka tsaya dab da ita ka ƙirga su.