Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Abin da Tondibi da Hiɗɗin Ke Gaya wa Matasa

'Yan uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu idan ana hirar yaƙe-yaƙen da. Mun iya sunan jarumi, mun san ranar da aka gwabza, wani ma ya haddace yawan dawakin da aka fito da su, amma da wuya ka ji an tambayi abin da ya faru shekara biyar ko goma kafin a ja daga. A nan kuwa maganar take. Yawancin yaƙoƙin da suka kifar da manyan dauloli, tun kafin a harba kibiyar farko an riga an gama su. Ranar karo sakamako kawai ake karɓa.

Mu fara da wanda ya faru a maƙwabtanmu. A watan Maris na 1591, a wani wuri da ake kira Tondibi, arewa da birnin Gao a ƙasar Mali ta yau, rundunar Songhai ta yi karo da rundunar Maroko. Songhai ba ƙaramar daula ba ce. Gao tata ce, Tumbuktu da Jenne nata ne, ikonta ya taɓa kaiwa har Agadas, ga zinariya daga kudu, ga gishirin Tagaza daga arewa. Marubutan Tumbuktu sun saɓa a kan yawan mayaƙan da sarkin Songhai, Askiya Isiyaku na biyu, ya fito da su, amma ko wanda ya fi rage lissafi ya kai su kusan 28,000, barade da dakaru. Su kuwa 'yan Maroko kimanin 4,000 suka baro Marakish a ƙarshen 1590, ƙarƙashin Judar Basha, kuma sai da suka shafe wata huɗu da ɗoriya suna keta sahara, ƙishirwa da cuta suna rage su a hanya. Duk da haka yini ɗaya bai ƙare ba sai da rundunar Songhai ta watse.

Idan ka tambayi mai taƙaita labari, zai ce maka bindiga ce. Gaskiya ne, bindiga ce. Fiye da rabin mutanen Judar 'yan bindiga ne, suna kuma da 'yan igwa kaɗan, Songhai kuma mashi da takobi da kwari da baka. Amma tambayar da ya kamata ta hana mu barci ita ce: me ya sa daula mai wannan dukiya ba ta da bindiga a 1591? Ba wai labarinta bai iso yankin ba. A daidai wannan zamani Mai Idris Alauma na Borno ya riga ya aika jakadu zuwa ga Turkawan Usmaniyya, ya samo bindigogi da masu koyar da harbi, ya horar da bayinsa a kai. Borno ba ta fi Songhai zinariya ba. Abin da ta fi ta shi ne sarkinta ya ga inda duniya ta dosa, ya bi.

Maroko ma ba daga sama ta iya ba. Shekaru da dama ta yi tana shan wuya a hannun Fotugal da suka mamaye mata garuruwan bakin teku, har dole ta sa ta koyi makamin abokin gaba. A watan Agusta na 1578, a yaƙin Wadil Makhazin, ta karya rundunar Fotugal, sarki Sebastiyan ya mutu a fagen, kuma a ranar Ahmad al-Mansur ya hau gadon sarautar Maroko. Kuɗin fansar manyan Turawan da aka kama ya cika masa baitulmali. Shekara goma sha uku ke nan kafin Tondibi. Fatake suna kai da komowa tsakanin Marakish da Tumbuktu, babu yadda za a yi wannan labari ya ɓuya. Al-Mansur kuma bai yi rufa-rufa ba: ya kame zangunan Tuwat da Gurara da ke kan hanyar sahara, ya tura 'yan bindiga suka zauna a Tagaza na wani lokaci, ya rubuto wasiƙa yana neman harajin gishiri. An ruwaito cewa amsar da Askiya Isiyaku ya mayar masa ita ce masun yaƙi da takalman ƙarfe, wato in ka isa ka zo. Amsa ce mai daɗin ji a fada, na tabbata fadawa sun yi kirari a ranar. Sai dai kirari ba ya tare harsashi.

To me manyan Songhai suke yi a waɗannan shekaru? Suna cin junansu. Askiya Dauda ya yi mulki daga 1549 zuwa 1582 cikin natsuwa. Yana rasuwa 'ya'yansa suka shiga kokawar kujera: Alhaji ya hau aka tuɓe shi, Muhammadu Bani ya hau, sai a 1588 ɗan'uwansu Balama Sadiƙu ya yi tawaye, ya kashe wani ɗan'uwan nasu da ke riƙe da sarautar yamma, ya taso da rundunar yammacin ƙasa ya nufi Gao. Muhammadu Bani ya mutu ana shirin karo, aka naɗa Isiyaku, ya ci Sadiƙu da yaƙi, sannan ya bi hakiman da suka goyi bayan tawayen, wasu ya kashe, wasu ya ɗaure. Ku lura da kyau: shekara uku kacal kafin Judar ya iso, rabin rundunar Songhai ta yaƙi ɗaya rabin. Gwanayen yaƙin da ya kamata su tsaya a Tondibi, da yawansu 'yan uwansu ne suka binne su. Wanda ma ya kai wa al-Mansur sirrin cikin gida, wani bawan fada ne da aka tsare a Tagaza, ya tsere zuwa Marakish da haushinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bango kuwa masu gidan ne suka tsaga shi da hannunsu.

Ranar yaƙin sai aka koma neman dabarar gaggawa. Aka koro garken shanu wajen dubu ɗaya a gaba, da nufin su tattake 'yan bindiga. Ƙarar harbi ta firgita su, suka juyo suka bi ta kan masu su. An ruwaito cewa wasu zaratan dakaru sun ɗaure ƙafafunsu suka zauna a kan garkuwoyinsu don kada ma zuciya ta raya musu gudu, aka kashe su a inda suke. Wallahi duk mai zuciya sai ya jinjina wa waɗannan bayin Allah. Amma ku dubi abin da idon basira. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a Tondibi, ta ma yi yawa. Abin da babu shi ne tanadi, kuma waɗanda suka ƙi yin tanadin ba su ne suka ɗaure ƙafa ba. Askiya ya juya dokinsa ya tsira.

A nan nake son mu yi wa kanmu adalci. Mu ma muna da halin aika masu da takalman ƙarfe. Ka shiga Facebook ko TikTok ka ga yadda saurayi zai kwana yana gardamar wace masarauta ta fi wata tarihi, kakan wa ya ci kakan wa da yaƙi, alhali shi kansa ba ya iya rubuta takardar neman aiki da za a karanta har ƙarshe. Tarihin kakanni abin alfahari ne, ban musa ba, amma Songhai ma tana da Sonni Ali da Askiya Muhammadu a tarihinta, ba su fito daga kabari sun tsaya mata ba. Makamin zamaninmu sananne ne, babu wanda ya ɓoye mana shi: karatu mai zurfi, lissafi, kwamfuta, aikin lafiya, gyaran injina, noman da ake yi da ilimi, sana'ar da aka ƙware a kanta har a neme ka daga wani gari. Wayar da ke hannunka tana ɗauke da darussan da malaman zamanin da kan yi tafiyar wata guda su nema. Kai me kake yi da ita? Ɗalibin da ya yi shekara uku yana yawo, sai saura mako biyu WAEC ya fara neman wanda zai turo masa amsa, shi ma shanu ya koro a gaban bindiga.

Yaƙi na biyu ya riga wannan faruwa da daɗewa, kuma darasinsa ya sha bamban kaɗan. Ranar 4 ga Yuli 1187, a Hiɗɗin kusa da tafkin Ɗabariyya a yankin Sham, Salahuddin Ayyubi ya murƙushe rundunar 'yan Salibiyya, wato Turawan Kirista da ke riƙe da Ƙudus a lokacin, bayan wata uku kuma Ƙudus ta miƙa wuya gare shi, ranar 2 ga Oktoba. Matasanmu suna son wannan labari ƙwarai, amma sashen da suke tsallakewa shi ne mafi tsawo. Salahuddin ya karɓi ragamar Masar a 1169, ya shiga Dimashƙa a 1174, Halab sai a 1183, Mausil ba ta amince da shi ba sai 1186. Shekara goma sha takwas yana ɗinke ɓaraka, wani lokaci da lallashi, wani lokaci da takobi, har wasu suna zarginsa da cewa ya fi yaƙar Musulmi a kan Turawa. Bai fito babban karo ba sai da ya ga Masar da Sham sun zama runduna guda.

Su kuwa 'yan Salibiyya, sarautar Ƙudus ta raba kansu bayan mutuwar ƙaramin sarkinsu a 1186. Sabon sarki, Guy na Lusignan, ba ya ga maciji da Raymond mai mulkin Tarabulus ta Sham. Da Salahuddin ya kewaye Ɗabariyya, rundunar 'yan Salibiyya tana Saffuriyya, wuri mai idanun ruwa da ciyawa. Raymond ya ba da shawara a zauna a nan kada a motsa, duk da cewa matarsa ce ke cikin ganuwar da aka kewaye. Hujjarsa a fili take: tsakiyar zafi ne, hanyar ta haura kilomita 20, kuma babu ruwan da zai ishi runduna. Majalisa ta yarda aka watse. Cikin dare sai Gerard na Ridefort, shugaban wata ƙungiyar mayaƙan addini da ake kira Templar, ya shiga wurin sarki ya zuga shi, ya ce Raymond maci amana ne, kuma abin kunya ne sarki ya zauna ana cin gari a gabansa.

Me ya sa zugar ta kama? Domin a 1183 Guy ya taɓa ƙin shiga karo da Salahuddin a irin wannan hali, abin da ya yi daidai ne, amma aka yi masa gorin tsoro har aka karɓe riƙon ƙasa daga hannunsa. Gorin nan ya zauna masa a zuci shekara huɗu. Da safiyar 3 ga Yuli ya ba da umarnin tashi, aka bar ruwa a baya. Maharba a kan dawaki suka yi ta tsinke su a hanya, suka kwana a busasshen tudu, mutanen Salahuddin suka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta hayaƙi ya turnuƙe su, alhali raƙuma na ta jigilar ruwa daga tafki zuwa sansanin Musulmi. Washegari dakaru suka ƙi bin umarni saboda ƙishirwa. Aka kama sarkin da ransa.

Samari, wannan naku ne kai tsaye. Sau nawa aka kai ɗan mutane kabari ko gidan yari da kalma ɗaya tak, "tsoro kake ji"? Faɗan daba tsakanin unguwanni, bangar siyasa, ganganci da babur ranar biki, gwada ƙwaya karo na farko a majalisa, har da saki uku da ake yankawa don kada abokai su ce mace ta fi ƙarfin mutum: duk a bakin mai zuga suke farawa. Kuma ku riƙe wannan, mai zuga yakan tsira. Gerard ɗin nan, an kashe ɗaruruwan mayaƙansa bayan yaƙin, shi kuwa an bar shi da rai, daga baya aka sake shi. Idan kana zaune a kan ruwanka, wato karatunka, ko shagonka, ko zaman lafiyar gidanku, wani ya zo da daddare yana ce maka namiji ba ya zama, tambaye shi ko shi zai ɗauki gawarka. Haka nan ku daina yi wa mai taka-tsantsan a cikinku gori. Gorin da kuka yi masa bana shi ne zai jefa shi rami baɗi, wataƙila ya ja ku duka.

Sai in koma Songhai, don abin da ya biyo baya ya fi ranar yaƙin ciwo. Askiya Isiyaku ya nemi sulhu da zinariya misƙali 100,000 da bayi 1,000, Judar ya so karɓa, al-Mansur ya ƙi, ya turo Mahmud Basha ya maye gurbinsa. Mutanen Isiyaku suka tuɓe shi, suka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Gao, shi kuma aka gayyace shi zaman sulhu aka kama shi aka kashe. Askiya Nuhu ne ya ja ragowar mutane zuwa Dendi, can kudu wajen iyakar Nijar da Benin ta yau, ya yi ta yaƙin sunƙuru cikin dazuzzuka da fadamu inda bindiga ba ta da tasiri sosai, ya kuma wahalar da 'yan Maroko ƙwarai. Ashe akwai dabara, ba a nemo ta ba ne sai da gari ya ci wuta. A 1593 aka kame malaman Tumbuktu, aka tasa ƙeyar wasu zuwa Marakish a ɗaure, cikinsu har da Shehu Ahmad Baba, wanda aka wawashe masa littattafai kimanin 1,600, shi kuma yana cewa a danginsu shi ne mai mafi ƙaranci. Kada ku manta, Musulmi ne suka yi wa Musulmi wannan, saboda zinariya da gishiri.

Wanda ya ci yaƙin ma bai more ba. Rijiyoyin zinariyar suna can kudu da nisa, sojojinsa ba su taɓa isa gare su ba. Al-Mansur ya mutu da annoba a 1603, 'ya'yansa suka kama yaƙin sarauta tsakaninsu irin wanda 'ya'yan Askiya Dauda suka yi, ƙasar ta rabu, wani a Fas wani a Marakish. Sojojin da aka bari a Tumbuktu suka koma naɗa basha da kansu suna tuɓewa, suka auri 'yan gari, zuriyarsu ce ake kira Arma har yau a Mali.