Hannu ɗaya, aiki biyu

A dambe hannu biyu ne kowa da aikinsa: mashi, wanda ake naɗe wa kara, wato igiyar ɗauri, a kai naushi da shi, da garkuwa, wanda ake miƙawa gaba a buɗe don tare abokin karawa. Matsalata ita ce ni ba bahago ba ne. Hannun da nake kisa da shi, wato kayar da abokin karawa, da shi nake riƙe biro.

Wata uku ina shiri. Da an sallame asuba sai gudu daga Mabera zuwa filin wasa na Giginya, don a Sakkwato cikin watan Afrilu wanda ya bari hantsi ya dubi ludayi bai fita ba, rana ce za ta kashe shi tun kafin a shiga fage. Da yamma kuma buhun yashi. Wanga aiki kuwa ciki yake ci: fura da nono, ƙwai uku, ga kuɗin kabu-kabu. Kuɗin da Baba ya ba ni na takardun karatu, duk ta nan suka sulale.

Sai na yi lissafi irin na ɗan boko. In na yi kisa ɗaya ranar Lahadi, kuɗin liƙi kaɗai zai mayar da abin da na ci. Cewa jarrabawa tana jirana Litinin ƙarfe 8 na safe, wannan ban saka shi a lissafi ba.

Kuskuren farko wajen ɗauri ne. Ka'ida, a dunƙule hannu, a fara naɗa ƙyalle ya rufe gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, sannan kara ta biyo baya, kuma a ɗaura dab da shiga. Ni don zumuɗi na sa aka tamke min tun la'asar, ba a kira ni ba sai kusan magariba. Yatsu sun mutu murus. A turmi na biyu na kai wani wawan naushi, mutumin ya sunkuya, na sami tsakiyar kansa. Ban ji komai ba. Shi ma, da alama. Turmi uku babu kisa, aka raba mu.

Liƙi ya tashi naira 6,000. Masu kalangu suka karɓi nasu, mai ɗauri ya karɓi nasa, na dawo gida da 2,500 da hannu kamar an dafa rogo.

Kuskure na biyu, na gasa shi da ruwan zafi na shafe da man zafi. Sabon kumburi ƙanƙara yake so, a naɗe ta cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, hannu a ɗage sama. Zafi buɗe jijiyoyin jini yake, kumburin ya ƙaru. Da gari ya waye babban yatsa da manuni ba sa ga maciji.

A zauren jarrabawa na koma hagu. Awa biyu, shafi ɗaya da rabi. Mai tsaronmu ya ɗaga takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Kai yaro, da ajami ka amsa?"

Mai ɗori ya karɓe 2,500 ɗin cas. Da Baba ya ga tsinken ɗori sai ya ce, "Mi yas same ka?" Na ce littafi ne ya faɗo min. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ambato ɓangarorin 'yan dambe, ya ce, "Littafin ɗan Kudu ne ko Guramaɗa?"