Haibrid Ɗin Da Ba A Yi Wa Caji Motar Fetur Ce

Tun ranar 12 ga Yunin 2025, da Shugaba Donald Trump ya rattaba hannu kan ƙudurin majalisar Amurka da ya soke izinin Kalifoniya na hana sayar da sabbin motocin fetur zalla daga 2035, wata magana ta samu gindin zama. Wai tunda tafiyar ta tsaya, jihohi su karkata ga mota mai fetur da batir tare, wadda ake jona wa lantarki, wato haibrid mai caji, ita ce "tsaka-tsaki". Wannan magana ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin masu yin ta sun san ramin da ke cikinta.

Kowa ya san yadda motar take. Batirinta kan kai ta wasu 'yan miloli, in ya ƙare injin fetur ya karɓa. Duk amfaninta ya rataya ne kan abu ɗaya: mai ita ya jona ta a soket kowane dare. In bai jona ba, ya zama yana yawo da batir mai nauyi wanda fetur ke ja, hayaƙi kuma yana fita kamar kullum.

To ana jonawa? Hukumar Tarayyar Turai ta duba bayanan na'urorin da ke cikin motocin da aka yi wa rajista a 2021, ta fitar da rahoto a 2024: hayaƙin da irin waɗannan motoci ke fitarwa a kan titi ya ninka abin da gwajin ɗakin bincike ya nuna sau uku da rabi. Cibiyar ICCT, mai bincike kan sufuri maras gurɓata iska, ta samu cewa motocin kamfani sun fi na masu zaman kansu muni, kuma dalilin a fili yake. Kamfani ya ba ma'aikaci katin shan mai, kuɗin wutar gida kuwa daga aljihunsa zai fita. Wa zai bar na kyauta ya kama na biya? Wayar cajin takan zauna a but, a naɗe cikin jakarta, har ranar da za a mayar da motar.

Duk da haka dubi abin da jihar Kolorado ta yi a dokarta ta 2023. Rangwamen haraji na dala 5,000 ga wanda ya sayi motar lantarki, ya sauka zuwa 3,500 a 2025, kuma haibrid mai caji tana karɓar daidai da abin da motar batir zalla ke karɓa. Sayen motar kawai ake dubawa. Bayan nan babu mai tambaya ko motar ta taɓa ganin soket. Wannan rabon kuɗin jama'a ne bisa zato, ba manufa ba. Ɗan haya da ke ajiye motarsa a bakin titi, bene uku ƙasa da ɗakinsa, ina zai jona ta? Shi ma za a lissafa motarsa cikin nasarar da gwamna zai karanta a taro.

Kalifoniya ta fi Kolorado sanin ciwon kanta. Tsarin da hukumarta ta kula da iska ta amince da shi a Agustan 2022 ya ƙayyade cewa haibrid ba za ta wuce kashi 20 cikin 100 na adadin motocin lantarki da aka wajabta wa kamfanin ƙera mota ya sayar ba, kuma dole batirinta ya iya mil 50, kusan kilomita 80, shi kaɗai. Wannan ya ishi zirga-zirgar yini ta mafi yawan mutane. Amma ko shi bai tilasta wa mai motar jona ta ba.

Masu cewa a bar kasuwa ta yi halinta ba su da abin faɗa a nan, kasuwar ce ta cika Los Angeles da hayaƙi har aka ba Kalifoniya damar kafa nata dokokin hayaƙin mota tun 1967. Damuwata tana kan masu iƙirarin kare muhalli da ke rungumar haibrid don ta fi sauƙin sayarwa ga masu zaɓe, musamman yanzu da rangwamen gwamnatin tarayyar Amurka na dala 7,500 ga masu sayen motar lantarki ya ƙare a 30 ga Satumban 2025 kuma ido ya koma kan jihohi. Mu ma abin ya shafe mu, tunda da yawa daga cikin tokumbon da ke shigowa Legas da Kwatano daga Amurka suke, kuma motar da ba a jona ta a Denver, babban birnin Kolorado, ba, ban ga mai jona ta a unguwar da wuta ke zuwa awa huɗu ba.

Motocin nan suna ƙirga milolin da suka yi da batir. A ɗaura rangwamen a kan wannan lissafi, a biya shi kashi-kashi, abin da ya rage a kai shi ga sa soket a gidajen haya da wuraren aiki. 'Yan majalisar jihar da ba za su iya wannan ba, su cire haibrid daga dokar.