Wai kiɗan barci ne

Maganar da aka yi a majalisa ba ta kwana a majalisa. Ta iso ni tun kafin shayin da aka sha a kanta ya huce. Wai wani bawan Allah ya shiga motata kwanaki, na rage masa hanya, ya ji abin da nake saurare, bai ce uffan ba har ya sauka. Sai da ya ga bayana ya tara jama'a yana ba su labari, wai wane ya tsufa, yanzu kiɗan barci yake ji, irin wanda ake sa wa majinyata. Aka yi dariya. To madalla. Ni ban kira sunan kowa ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Tunda shi bai tambaya ba, bari in faɗa wa waɗanda suka yi dariyar abin da ya ji a motar.

Faifan mutum biyu ne 'yan ƙasar Mali, Ali Farka Toure da Toumani Diabate, dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Sunansa In the Heart of the Moon, ya fito a 2005. Ali da jita, Toumani da kora. Ga wanda bai taɓa ganin kora ba, masaki ne babba aka rufe bakinsa da fatar saniya, aka soka masa dogon wuya, aka ɗaura tsirkiya 21. Da yatsu huɗu kacal ake kaɗa ta, manyan yatsu biyu da manuniya biyu, sauran suna riƙe da sandunan gefe. In gwani ya kama ta sai ka rantse mutum uku ne ke kiɗa. Toumani kuwa gādo ya yi, mahaifinsa Sidiki Diabate shi ake kira sarkin kora a zamaninsa.

A saman otal ɗin Mande da ke Bamako aka naɗi faifan a 2004, a wani ɗakin taro mai kallon Kogin Neja, kogin nan dai da ke gangarowa ta Gao da Yamai har ya ratsa Yawuri. Ba su yi gwaji ba. Zama uku suka yi, kowanne bai wuce 'yan sa'o'i ba, aka tashi da faifai sukutum. Na san wani da ya yi wata uku yana zarya a situdiyo a kan waƙa ɗaya, ana ta yi wa muryarsa kwaskwarima da na'ura kamar amaryar da ba a yarda da kyanta ba, ƙarshe ta fito, ta yi sati guda a wayar ƙannensa, shi ke nan. Amma ba shi muke magana ba.

Abin da ke riƙe ni a faifan nan shi ne halin da Ali ya nuna. An haife shi a 1939, Toumani a 1965, wato ya haife shi da girma. A lokacin Ali ya riga ya ci Grammy, babbar kyautar nan ta makaɗa da mawaƙa a Amurka, da faifan da ya yi da Ba'amurken nan Ry Cooder a 1994, duniya ta san shi, kuma shi ne magajin garin Niafunke. Ɗan arewacin Mali ne, bakinsa ya fi sabawa da Songhai da Fulatanci, yawancin kiɗe-kiɗen da ke faifan kuwa na mutanen Mande ne na kudu, gidan su Toumani. Me dattijon nan ya yi? Ya koma baya. Ya riƙe gindin kiɗan da jitarsa, a hankali, ba ya gudu ba ya tsayawa, kamar taka raƙumi, ya bar yaron yana ta shawagi a sama da kora. Wani lokaci sai ka ji ya yi 'yar magana ƙasa-ƙasa yana yaba masa. Shi kuma Toumani bai ɗauki wannan a matsayin dama ta taka babba ba. Yakan tafi ya dawo, ya sassauta, ya buɗe wa Ali hanya. Har kiɗa guda ya yi masa a faifan don taya shi murnar zama magajin gari.

Shi ya sa ban ga laifin mutumin namu ba da ya ce barci abin ya sa shi. Kunnensa bai saba jin mutum biyu a wuri ɗaya ba tare da ɗaya yana neman danne ɗaya ba. Mun taɓa yin aikin haɗin gwiwa da wani, shekarun baya, ni da shi muka raba kuɗin situdiyo daidai wa daida. Na fita sallar la'asar, na dawo na tarar da shi tsaye a kan yaron da ke haɗa sauti, hannu ɗaya a kafaɗarsa, yana cewa ƙara min tawa kaɗan, ƙara, ƙara, rage ta wane. Da ya gan ni sai ya hau gyaran hula. Da fasta ta fito, sunansa ya cika rabin takarda, nawa kuwa sai da ƙanwata ta sa tabarau kafin ta gano shi a ƙasa, kusa da lambar mai ɗab'i. Ban yi magana ba a lokacin. Yanzu ma ba magana nake yi ba, labarin Ali Farka nake bayarwa.

Af, Farka ɗin nan ma laƙabi ne, ma'anarsa jaki. Shi ne ɗa na goma a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu, sai aka sa masa sunan dabbar da ta fi kowace juriya da taurin kai. Jaki ne da ya ɗauki kayan garinsu, ya noma shinkafa da ruwan kogi a Niafunke, ya zuba kuɗin aljihunsa a gyaran hanya da magudanan ruwa da man janareto. Akwai kuma wani irin jakin da kuka kaɗai ya iya, kuma a tsakar rana.

Masu cewa ba wanda ke jin irin wannan kiɗa, ku zo in kai ku wurin telana. Daren jajiberin salla da ya wuce na zauna jiran kayana har ƙarfe ɗaya, yara sun cika shagon da kiɗan da ke girgiza gilashi, shi kuwa ido ya yi ja, ya farke wuyan riga ɗaya sau biyu. Na miƙa masa wayata na ce gwada wannan. Ya jona. Minti biyar ba wanda ya yi magana, sai ƙarar keke da kora suna tafiya tare. Da zan tafi ya ce, "Yaya, tura min kafin ka fita." Bai san Ali ba, bai san Bamako ba, ba ya jin yarensu, kuma kusan duk faifan ma babu waƙa a ciki. Abin da ya sani kawai hannunsa ya daina rawa. Direban da ke kwana a hanya, ɗalibin da ke karatun dare, uwar da ke lallashin jariri, irin waɗannan ne ke riƙe da faifai shekara ashirin. Ba sa tafi, ba sa ihu, shi ya sa mai auna daraja da yawan ihu ba ya ganinsu.

Faifan ya ci Grammy a watan Fabrairun 2006. Ali ya rasu a farkon watan Maris na shekarar, ciwon daji na ƙashi, ko wata guda ba a cika ba. Kafin nan, da ciwon a jikinsa, ya je Landan a 2005 suka sake zama da Toumani, abin da suka naɗa ya fito a 2010, shi ma ya ci Grammy. Toumani ya bi shi a Yulin 2024. Faifai biyu, kyauta biyu, kuma ba a taɓa jin sun yi rigima a kan sunan wa zai zo farko ba.

Mutumin namu kuwa na ji an ce yana neman abokin haɗin gwiwa na huɗu, ukun farko ba mai gaisawa da shi. Allah ya ba da sa'a. In ya sake tsayawa a bakin titi ya ɗaga min hannu zan tsaya, mu ba ma ƙin mutane. Faifan dai yana nan a motar, kujerar gaba kuma tana kwanciya.