Masu son a kawo alfaka Arewa, ku tsaya mu yi lissafi

Tun da bidiyon alfaka ya fara yawo a TikTok da WhatsApp, 'yan uwa daga gida suke aiko mini da tambaya iri ɗaya: nawa ake sayar da ita a Ingila, kuma ta yaya za a sako ta a jirgi zuwa Kano ko Abuja? Ina zaune a Bradford, a arewacin Ingila, kuma a ƙauyukan da ke kewaye da mu ba a rasa masu kiwonta. Amsar da nake bayarwa kullum ita ce kada a kawo. Ina ganin girman dabbar nan ƙwarai, shi ya sa ba na so ta shiga sahun ɗawisu da jimina da barewa, waɗanda ake ajiyewa a gidajen masu hali don baƙo ya gani ya yaba, bayan 'yan watanni a ji sun mutu.

Ga wanda bai santa ba, alfaka 'yar uwar raƙumi ce, sai dai ba ta da tozo, kuma tsayinta a kafaɗa bai cika kai mita ɗaya ba. Nauyin babba yakan kama daga kilo 55 zuwa 80. Asalinta tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, inda mutanen wurin suka horar da ita daga wata dabbar daji mai suna bikunya, shekaru wajen 6,000 da suka wuce. Har yau Peru ce ke da mafi yawansu a duniya. Ƙidayar noma da kiwo ta ƙasar ta 2012 ta samu kusan miliyan 3.7, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna yankin Puno, gefen tafkin Titikaka. Iri biyu ne: Wakaya mai cunkusasshen gashi, wadda ita ce aka fi gani a hoto, da Suri mai dogon gashi da ke zubowa ƙasa, wadda ba ta da yawa.

A can, dabbar talaka ce. Masu ita makiyaya ne 'yan ƙabilar Kechuwa da Aimara, mazauna tuddan da suka haura mita 4,000, wurin da sanyi ba ya barin hatsi ya yi. Gashinta suke sayarwa su sayi abinci, su biya kuɗin makarantar yara. Namanta suke ci, su busar da wani da gishiri su adana. Kashinta, wanda garken ke tarawa wuri ɗaya, shi ne makamashin girki a ƙasar da itace ya yi ƙaranci, shi ne kuma takin dankali. Fatar ma tana da aikinta. Duk Bahaushe ko Bafillacen da ya tashi cikin dabbobi zai gane wannan rayuwa nan take, domin haka akuya take a wajen matar karkara: asusu ce mai tafiya da ƙafa, ranar da ciwo ya zo ko biki ya taso, ita ake kamawa a kai kasuwa. Damuwarsu ma irin tamu ce da wata fuska. Mu fari da ƙarewar burtali, su kuma ƙanƙara da tsananin sanyin watannin Yuni zuwa Agusta da ke kashe ƙananan, ga fadamun kan tudu da suke kiwo a cikinsu suna bushewa saboda ƙanƙarar kan duwatsu tana ja da baya.

A nan Ingila labarin ya sha bamban. Akwai alfaka dubbai, amma da wuya ka ga mai yanka ta. Gashin da ake askewa sau ɗaya a shekara, kilo 2 zuwa 4 a jikin kowace, sau da yawa ba ya biyan kuɗin mai askin, musamman ga mai 'yan ƙwaya uku ko huɗu. To daga ina kuɗin ke shigowa? Daga mutanen birni da ke biya a ba su igiya su zaga gona da ita, daga masu ɗaukar ta haya ranar ɗaurin aure, daga kai ta gidajen kula da tsofaffi su shafa ta su ji sanyi a ransu, sai kuma sayar da 'ya'ya ga wani sabon mai sha'awa. Wasu manoma suna saka fiɗiyayyun maza cikin tumaki ko kaji don su kori yanyawa, kuma suna yi. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na ga tsohuwar da ba ta cika magana ba ta sake ta yi fara'a don an kawo mata dabbar nan kusa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma sana'a ce da ta dogara da mutanen da ke da rarar kuɗi da rarar lokaci a ƙarshen mako. Wanda ya ɗauke ta ya kai Gusau yana tsammanin riba, kallon kitse yake yi wa rogo.

Amurkawa sun riga kowa ɗanɗana wannan. An fara shigar da alfaka ƙasarsu da yawa a 1984, sannan a 1998 aka rufe rajistar waɗanda ake shigowa da su daga waje, sai farashi ya yi ta hawa. Mace mai ciki ta kai dala dubu 20 da ɗoriya, an kuma taɓa sayar da namiji ɗaya sama da dala dubu 500. Masana tattalin arzikin noma biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun yi gargaɗi tun da wuri cewa kuɗin gashin ba zai taɓa riƙe wannan farashi ba, tunda Peru na da miliyoyi kuma kiwonsu a can ya fi araha nesa ba kusa ba. Ba a saurare su ba. Bayan karyewar tattalin arziki ta 2008 kasuwar ta rushe, waɗanda suka zuba kuɗin fanshonsu suka koma neman wanda zai karɓi dabbobin ko da kyauta. Kowa yana saye ne don ya sayar wa na bayansa, ranar da na baya ya ƙare, ciniki ya ƙare.

Ko a ajiye maganar riba, a dubi haƙƙin dabbar. Alfaka ba ta zama ita kaɗai. Masu kiwo na gari a nan ba sa sayar maka da ƙasa da biyu, yawanci ma uku suke cewa, domin kaɗaici na sa ta rame ta yi ciwo. Ba ta son runguma da yawan taɓawa kamar yadda bidiyo ke nunawa. Ɗan namijin da aka raina da bulumboti a hannun mutane, aka shagwaɓa shi, idan ya girma yakan ɗauki mutum a matsayin abokin karawarsa, ya buge shi da ƙirji, ya cije shi. Tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya da rabi ta haifi ɗa guda, alhali akuyarmu a wata biyar ta sauke, sau da yawa tagwaye. Tana kai shekara 15 zuwa 20. Tafin ƙafarta mai laushi ne irin na raƙumi, da farata biyu da sai an riƙa yanke mata, haƙoran gaba ma wani lokaci sai an rage. A Ingila, saboda ƙarancin rana a hunturu, sai an yi mata allurar bitamin D, in ba haka ba ƙasusuwan ƙanana su lanƙwashe.

Mu kuwa rana ce ta yi mana yawa. Dabbar da Allah ya yi wa bargo don daren da ruwa ke daskarewa, yaya za ta yi da watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi ke haura digiri 40? Zafi na hana ta cin abinci, yana rage ƙarfin barbarar namiji, yana sa mace ɓari, idan ya tsananta ya kashe. Na san za a ce ai ana kiwonta a Ostareliya da Teksas, kuma gaskiya ne. Da inuwa da fanka da feshin ruwa da aski a kan kari da likitan da ya san jikinta ake yi. Wa zai tsaya wa fankar garke a garin da mutane ke kwana a tsakar gida don babu wuta? Filato da Mambila sun fi sanyi, amma damshinsu na tara tsutsar ciki mai shan jini, wadda alfaka ba ta da juriyarta. Ga kuma batun cuta. Turawa sun yi ta ce-ce-ku-ce a 2021 kan wani namijin alfaka mai suna Geronimo, da aka shigo da shi daga New Zealand, gwaji ya nuna alamar tarin fuka na shanu, hukuma ta kashe shi ranar 31 ga Agusta duk da mutane sama da dubu 100 sun sa hannu a takardar roƙo. Ko mutum ya goyi bayan hukuncin ko bai goya ba, ya ga ƙasar da ke gwada dabba tana bin sawunta. Wanda zai shigo mana da ita ta bayan fage, wa zai gwada masa?

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da alfaka yana nan bakin ƙofata. A 1836 wani ɗan kasuwar ulu na Bradford, Titus Salt, ya tarar da dilolin gashinta jibge a wani sito a Liverpool babu mai so. Ya gwada, ya gano yadda za a saƙa shi da zaren auduga ya ba da yadi mai sheƙi. Da wannan arziki ya gina katafariyar masaƙa da ya buɗe a 1853, da gari guda na ma'aikata mai suna Saltaire, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Makiyayin Puno da ya kwana cikin sanyi da garken bai samu ko bulo ɗaya daga ginin ba. Yau masaƙun sun koma birnin Arekipa a cikin Peru, amma makiyayi har yanzu ga dillali yake sayarwa, a kan sikeli. Da yake nauyi ake biya ba laushi ba, shekara da shekaru babu abin da ke sa shi zaɓen mai lallausan gashi. Da yake masaƙa farin gashi take so don ya karɓi rini, sai baƙaƙe da jajaye da masu ruwan toka suka yi ta raguwa a garke. Gawarwakin alfaka da aka tono a El Yaral, a kudancin Peru, masu shekara wajen 1,000, gashinsu ya fi na yawancin na yau laushi.

Duk wanda ya san tarihin jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ya san inda na dosa. Fatarta na cikin mafi kyau a duniya. Ɗaruruwan shekaru ayari na ketare Sahara da ita, ta isa Turai ta tashar Maroko, a kira ta fatar Maroko, sunan masu ita ya ɓace a hanya. Yau ma majemun Challawa da Sharaɗa a Kano suna jeme ta a loda zuwa Italiya da Sifaniya, ta dawo mana a matsayin takalmi da jaka da ba ma iya saye. Matar da ta yi kiwon akuyar ba a biya ta ko sisi don fatar ba ta da tabo ba, don haka ba ta da dalilin hana kowane bunsurun unguwa hawa ta, kuma irin yana ta gaurayewa.

Idan akwai abin da zan so a ɗauko daga masu alfaka na Ingila, littafinsu ne. Kowace dabba da lambarta, an san uwarta da ubanta, ana aika gashinta ɗakin gwaji a auna kaurin silinsa, kuma da wannan sakamakon ake zaɓen namijin da zai yi barbara. Wannan littafi ba ya bukatar jirgi ko fanka. Kuɗin alfaka uku da jigilarsu da killace su zai sayi zaɓaɓɓun bunsuraye jajaye masu yawa, ko ragunan Balami da Uda, a raba wa ƙungiyoyin mata a ƙauyuka, a ɗauki yaro mai karatu ya riƙa rubuta haihuwa da nauyi da rigakafi. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya da cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi suna nan, kuma aikinsu ke nan. Alhajin da ke da wannan kuɗi, ya fara zuwa can ya tambayi inda ake samun iri mai kyau, sannan ya zauna da masu jima su yanka farashi dabam na fatar da ba ta da tabo, yadda bambancin zai isa hannun mai akuya.